Tambayoyi da amsoshi kan jan bututun waya a saman silin rataye

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan samu daga masu koyon aikin wuta, da ma wasu da sun daɗe a aikin amma basu saba da silin rataye ba, wato irin silin nan na ofisoshi da asibitoci da makarantu wanda ake jera falle-falle a kan firam na ƙarfe, kana iya ɗaga falle ɗaya ka leƙa sama. Na tattara su wuri ɗaya don kar nayi ta maimaita magana. Alkaluman da zan kawo daga littattafan ƙa'ida guda biyu ne da aka fi sani, NEC na Amurka da BS 7671 na Ingila, amma ka tuna dokar inda kake aiki da abin da injiniyan aikin ya rubuta su ne a gaba.

Oga, ba zan iya kwantar da bututun kawai a kan firam ɗin silin ba? Ai ba nauyi gare shi ba.

A'a ɗan'uwa, kar ka soma. Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce muhimmanci shi yasa na fara da ita. Firam ɗin silin da wayoyin da suka rataye shi an yi musu lissafi ne don su ɗauki nauyin fallayen silin da ɗan abin da kamfanin da ya ƙera ya amince, shikenan. Kai kana ganin bututu ɗaya ba komai bane a hannunka, toh amma ka zuba masa wayoyi a ciki, ka ja shi mita 30, gobe mai intanet yazo yaga ai ga hanya an buɗe shi ma ya ɗora nasa, jibi mai kamara, kafin shekara silin ya fara yin ciki, fallaye sun karkace, layin da yake miƙe ya zama kamar bayan raƙumi.

Na biyu kuma silin nan an yi shi ne don a riƙa buɗewa. In bututu na kwance a kan falle, mai gyaran da zai zo bayanka bazai iya ɗagawa ba sai ya tura da ƙarfi, ko fallen ya karye ko haɗin bututun ya ɓalle. NEC a bugunsa na 2023, sashe na 300.11, ya faɗa ƙarara cewa ba a ɗora bututu ko kebul a kan firam ɗin silin, sashe na 300.23 kuma yace a tsara su yadda za a iya cire fallaye a isa ga kayan da ke sama. Bututunka jikin ginin kansa zai riƙe shi, dekin ko bim ko bango, silin kuma ya ji da kansa.

To wayoyin da suka rataye silin ɗin fa, ba zan iya maƙala kilif a jikinsu ba? Naga ana sayar da kilif na musamman don haka.

Eh akwai kilif ɗin, kuma mutane da yawa anan suke ruɗewa. Kilif ɗin ba laifi gare shi ba, tambayar ita ce a jikin wace waya ka maƙala shi. A ƙa'idar NEC ba a amfani da wayar mai silin, sai dai kai ka saka taka wayar daban, ka ɗaure ta sama a jikin gini kuma ka ɗaure ta a ƙasa, dole duka kai biyun su zama a ɗaure don kar bututun ya riƙa lilo, sannan ka bambanta ta da fenti ko wata alama yadda duk wanda ya leƙa zai gane wannan ta mai wuta ce ba ta mai silin ba. Akwai ɗan sassauci in kamfanin silin ɗin ya rubuta a takardarsa cewa an yarda, ko in silin mai jure gobara ne kuma an gwada shi tare da wayarin ɗin, amma ni dai gaskiya ban cika dogara da wannan ba. Ko da wayar tawa ce ma, ƙaramin bututu guda ɗaya kawai nake yarda na rataya da ita, da zarar sun kai biyu uku na koma rodin ƙarfe mai zare.

Me yasa kuke tsananta maganar nan haka, wai akwai wanda bututu ya taɓa kashewa?

Akwai waɗanda wayar da ta zubo daga sama ta yi sanadin ajalinsu, kuma wannan maganar tana taɓa ni sosai. A shekarar 2005 anyi gobara a wani dogon bene mai suna Harrow Court a garin Stevenage na Ingila, 'yan kwana-kwana biyu da wata mazauniyar gidan suka rasu, kuma bincike ya nuna ɗaya daga cikin 'yan kwana-kwanan ya sarƙe ne a wayoyin da suka faɗo bayan robar da ke riƙe da su ta narke. A 2010 aka sake samun irin haka a Shirley Towers da ke Southampton, nan ma 'yan kwana-kwana biyu suka rasa ransu, wayoyi sun zubo a cikin hayaƙi. Ka kwatanta a ranka, mutum na rarrafe cikin duhu da tukunyar iska a bayansa, baya ganin ko tafin hannunsa, sai ga waya ta naɗe shi.

Irin waɗannan ne suka sa BS 7671 ya kawo doka a 2015 cewa wayarin da ke hanyar gudun gobara dole a riƙe shi yadda bazai zubo da wuri ba, a bugu na 18 da ya fito a 2018 kuma aka faɗaɗa dokar ta shafi ko'ina a cikin gini. Ma'anarta a aikace, in bututunka na roba ne kar ya zama roba ce kaɗai ke riƙe da shi. Sadul, wato maƙalin da ke manne bututu a jikin gini, na roba da kebul tai na roba duk narkewa suke cikin mintuna kaɗan, saboda haka ka saka sadul ko maɗaurin ƙarfe a tsakani, shi ma abin da ka kafa shi da shi a dekin ni nafi son ya zama na ƙarfe ba fisha, wato robar nan da ake cusawa a rami a ɗaura sukuru, ba. Silin rataye yana iya zubowa in wuta ta kama, duk abin da ka jingina masa tare zasu sauko kan mutane.

Nawa ne tazarar da ya kamata tsakanin maɗauri da maɗauri?

Ya danganta da irin bututun da kaurinsa.

A NEC, siririn bututun ƙarfe da ake kira EMT ana ɗaure shi aƙalla kowace ƙafa 10, wato wajen mita 3, sannan a cikin ƙafa 3 daga kowane akwati. Na roba PVC kuma yafi buƙatar maɗauri don yana lanƙwasa, daga rabin inci zuwa inci 1 kowace ƙafa 3 ne, daga inci 1 da kwata zuwa inci 2 kuma ƙafa 5.

Masu bin tsarin Ingila, littafin jagoran aiki na IET, wato ƙungiyar injiniyoyi ta can, ya bada mita 1.75 a kwance ga bututun ƙarfe mai milimita 20 ko 25, na roba mai wannan kaurin kuma mita 1.5, tare da maɗauri a cikin santimita 30 daga lanƙwasa ko akwati.

Waɗannan fa iyaka ce ta ƙarshe, ba wai dole sai ka kai can ba. Saman silin wuri ne mai zafi musamman in kwano ne a sama, PVC in ya sha zafi laushi yake yana yin ciki tsakanin sadul biyu, ni na roba bana wuce mita 1 ko da ƙa'idar da ake bi ta yarda da fiye da haka. Sadul ɗaya da ka ƙara bazai talauta aikin ba.

Dekin ɗin yana da nisa da silin, kamar mita ɗaya da rabi. Yaya zanyi in sauko da bututun?

Zaɓi biyu gareka. Ko ka manna bututun a jikin dekin ɗin can sama da sadul sannan ka sauko kawai a inda fitila take, ko ka rataye shi da rodi mai zare. In layi ɗaya ne ko biyu mannawa a dekin yafi sauƙi, matsalarsa kawai bim, duk inda ka haɗu da bim sai ka lanƙwasa ka zagaye, kuma lanƙwasa tana da iyaka kamar yadda zan faɗa a ƙasa.

In bututun suna da yawa kuma hanya ɗaya suka nufa, abin da yafi shi ne ka yi musu lilo: rodi biyu su sauko daga dekin, ka gitta ƙarfen canel a ƙasansu da noti da washa sama da ƙasa, sai ka jera bututun a kai kowanne da maɗaurinsa. Rodi M8 ko M10, wato mai kaurin milimita 8 ko 10, shi aka fi amfani da shi a irin wannan. Ka ja igiya ko ka kunna lesa ka daidaita tsayin duka kafin ka ɗaure, in ba haka ba bututu zai riƙa hawa da sauka kuma haɗinsa zai sha wahala. Sannan ka yanke canel ɗin da ɗan ragowa a gefe, wallahi ba ginin da ba a dawowa a ƙara layi.

A dekin na kankare ka saka anka na ƙarfe irin wanda ake bugawa ya buɗe a cikin rami, ka busa ƙurar ramin kafin ka saka, kuma ka buga shi da ƙarfen bugunsa har ya zauna, yawancin ankan da ke zarewa ba a buga su sun buɗe bane. In ginin ƙarfe ne akwai kilam da ke cizon leɓen bim, kar ka huda bim kuma kar ka yi masa walda sai injiniya ya yarda. Abu ɗaya kuma da bana wasa da shi, akwai dekin da aka ja wayoyin ƙarfe a cikinsa da ƙarfin gaske bayan an zuba kankare, irin wannan in ka huda ka taɓa wayar zata iya tsinkewa da ƙarfi ta raunata ka ta kuma raunata ginin. Ka tambaya tukunna kafin dirilinka ya taɓa dekin da baka sani ba.

Akwai bututun ruwan kashe gobara da bututun iskan esi a wajen, masu ƙarfi ne sosai. In ɗaure nawa a jikinsu?

A'a. Na kashe gobara kam ƙa'idarsu ta Amurka mai suna NFPA 13 ta hana a rataya masa duk wani abin da ba nasa ba. Na iska kuma langa-langa ne, yana karkarwa, kuma wata rana za a kwance shi a gyara. Ka kafa naka.

Tazara nawa zan bari tsakanin bututu da silin ɗin?

Falle ana ɗaga shi ne sama a karkata shi kafin ya fito, saboda haka yana buƙatar fili. Ni ina barin aƙalla santimita 10, in da hali 15 ko fiye. Kuma ka duba zanen fitilu kafin ka ja layi, don fitilar da ke nutsewa cikin silin tana da tsayi a baya, haka ma bakin iskan esi. Na taɓa shiga wani aiki da aka riga aka ja layi guda huɗu daidai tsakiyar inda fitilu zasu zauna, mutumin ya yi aiki mai kyau ƙwarai, miƙe tsaf, amma dole muka kwance duka muka matsar, kwana biyu suka tafi a banza kawai don bai zauna da mai silin minti goma sun duba zane ba.

Na ƙarfe ko na roba, wanne yafi a saman silin?

Kafin ka zaɓa, fara gano ko sararin saman silin ɗin ana amfani da shi wajen mayar da iskan esi. A gine-gine da yawa babu bututun da ke mayar da iska, sararin saman silin ɗin kansa shi ne hanyar iskan. A irin wannan wuri NEC sashe na 300.22 a bugun 2023 bai yarda da PVC ba, dalili kuwa in PVC ya ƙone yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba, na'urar esi kuma ta kwashe shi ta raba wa kowane ɗaki. Anan ƙarfe ne kawai mafita.

In ba hanyar iska bace, duka biyun suna aiki. Na roba yafi sauƙin yanka da lanƙwasawa, baya tsatsa, amma dole ka ja wayar atin, wato wayar kariya da ke zuwa ƙasa, a cikinsa kuma yana miƙewa da zafi. Kowace mita ɗaya tana ƙaruwa da kusan milimita 0.06 a duk digiri ɗaya, kaga kamar ba komai, toh ka lissafa layin mita 10 da bambancin zafi na digiri 30, milimita 18 kenan, kusan faɗin yatsa. In ka matse shi gam tsakanin akwati biyu ba inda zai je sai ya bauɗe ko ya fizge daga haɗi. Shi yasa a dogon layi ake saka haɗi mai zamewa wanda gefe ɗaya kawai ake shafa wa gam, sadul ɗin ma kar ka shaƙe shi, ka bari bututun ya iya zamewa a ciki.

Na ƙarfe yafi tsada da wahalar aiki amma yana jure duka da wuta da ɓera. Ni in aka bar min zaɓi a ginin da jama'a ke taruwa, ƙarfe zan saka.

Lanƙwasa nawa zan iya yi kafin in saka akwati?

NEC yace jimlar lanƙwasa tsakanin akwati da akwati kar ta wuce digiri 360, wato kwana huɗu na digiri 90. Kuma fa ana ƙirga har 'yan ƙananan lanƙwasan da kake yi don shiga akwati ko tsallake wani bututu, mutane suna mantawa da su. Duk wanda ya taɓa jan waya yana tsaye a kan tsani da kansa cikin ramin silin ya san lanƙwasa huɗu azaba ce, ni daga biyu zuwa uku nake saka akwatin ja. Jan waya da ƙarfi yana ɗaye mata riga a ciki inda ido baya gani, sai bayan watanni bireka ta fara faɗuwa a rasa dalili.

Kar ka manta da goge bakin bututu bayan ka yanke da zarto, ciki da waje, da magagari ko abin gogewa. Kuma ka gama haɗa bututun duka daga akwati zuwa akwati kafin ka fara jan waya, ba wai ka riƙa zura bututu a jikin waya guntu-guntu ba.

Wayoyi nawa zan iya cusawa a bututu ɗaya?

In sun wuce biyu, a NEC kar su cika fiye da kashi 40 cikin 100 na cikin bututun. Ba don sauƙin ja kaɗai ba, waya in tana ɗauke da wuta zafi take fitarwa, in sun cunkushe kowacce tana dafa 'yar'uwarta. Shi yasa in masu ɗauke da wuta sun kai 4 zuwa 6 ake rage ƙarfin da aka yarda su ɗauka zuwa kashi 80, in 7 zuwa 9 ne kashi 70, ga kuma zafin saman silin ɗin kansa da shi ma ake saka shi a lissafi.

Wani abu kuma game da bututun ƙarfe, layif da nutural na layi ɗaya dole su bi bututu ɗaya tare. In ka raba su, layif nan nutural can, ƙarfen bututun da kansa zai fara ɗaukar zafi saboda maganaɗisun da wutar ke haifarwa. In suna tare na ɗaya yana kashe na ɗayan. Wayar intanet da ta ƙararrawar gobara kuma kowacce da nata bututun, kar ka haɗa su da ta wuta.

Akwatin haɗi fa, zan iya barinsa yana rataye a jikin bututu?

Ka kafa shi da kansa, a dekin ko a canel ko a rodi. Akwatin da ke lilo a bakin bututu duk sanda aka buɗe shi aka taɓa wayoyin haɗin yana sassautawa. Ka juya murfin ya kalli ƙasa ko gefen da hannu zai isa in an ɗaga falle, kar ka saka shi a saman bututun iska inda sai an kwance rabin silin kafin a gan shi. Kuma don Allah ka rufe murfin. Abin da yafi ɓata min rai in na leƙa saman silin shi ne akwati a buɗe, wayoyi sun fito kamar gashin da ba a taje ba, ƙura ta lulluɓe haɗin, tartsatsi ɗaya ya isa. Ka ɗauki alƙalamin maka ka rubuta lambar layin da sunan allon bireka a jikin murfin, minti ɗaya ne amma wanda zai zo gyara bayan shekara biyar zai yi maka addu'a.

Daga akwati zuwa fitila yaya ake saukowa?

Da bututu mai lanƙwasuwa, don fitilar ta iya ɗan motsawa in ana gyaran silin. NEC ya yarda a bar har ƙafa 6, wajen mita 1.8, ba tare da maɗauri ba in zuwa fitila ne a silin da ake iya buɗewa. In ya wuce haka sai a ɗaure shi a cikin inci 12 daga akwati sannan kowace ƙafa 4 da rabi. Kar ka bar shi kwance a kan fallaye, kuma ni ko guntu ne ina ja masa wayar atin a ciki, bana dogara da jikinsa. Fitilar kanta in tana da nauyi ka bata nata wayar ko sarƙa zuwa dekin, kar bututun ya zama shi ke riƙe da ita.

In bututu ya ratsa bango a saman silin, sai an toshe ramin? Ai ba mai gani.

Sai an toshe, musamman in bangon na tare gobara ne, irin wanda ya hau har ya taɓa dekin. Aikin bangon nan ya tsare wuta da hayaƙi a ɓangare ɗaya na wani lokaci har mutane su fita, ramin da ka bari a kewayen bututu ya zama ƙofa. Ana toshewa da abin toshiya na musamman mai jure wuta, ba kumfar gwangwani ta gama-gari ba kuma ba tsumma ko takardar siminti ba. In bututun PVC ne akwai zobe da ake saka masa wanda in yaji zafi yake kumbura ya shaƙe ramin bayan robar ta narke.

Silin an riga an rufe, yanzu aka ce in ƙara layi. Ta ina zan fara?

Fara kashe wuta ka kulle bireka, sannan ka gwada da mitar gwajin wuta ka tabbatar, kar ka yarda da rubutun jikin allo don saman tsohon silin cike yake da layukan da ba wanda ya san daga ina suka taso. Ka ɗaga falle ɗaya a kowace mita biyu ko uku a hanyar da zaka bi, ka haska tocila ka ga abin da ke wajen tukunna kafin ka yanke ko guntu ɗaya. Fallayen ka ajiye su a gefe da hannu mai tsabta don suna kama datti kuma gefensu na saurin ɓarewa. Ka saka tabarau da takunkumi, ƙurar sama ba daɗi, in kuma tsohon gini ne sosai ka tambaya ko akwai asbestos, wani kayan gini na da mai ƙurar da ke cutar da huhu, kafin ka huda komai. Kar ka taka firam, kar ka jingina da shi, kar ka ajiye dirilinka a kan falle, in tsaninka bai kai ba ka sauko ka matsar da shi ko ka nemi sikafol.

Bututu mai tsayin mita 3 yana shiga ta ramin falle ɗaya in ka karkata shi kuma akwai fili a sama, in babu sai ka cire guntun firam na tsakiya ɗaya ka haɗa rami biyu, amma dogon firam ɗin da wayoyi ke riƙe da shi kar ka taɓa shi. In ka gama ka mayar da guntun ya shiga maƙalinsa har kaji ƙarar kamawa kafin ka ɗora falle.